Yadda Dattawa Suka Sakar Mini Hanya

Na ga abubuwa a shekarun da aka yi madatsar ruwa ta Bakolori. Na ga an tare gulbi, na ga garin da aka binne cibiyata ya nutse har kan rimin kasuwa ya ɓace. Amma in aka ce in ɗauko abu ɗaya da zai bi ni har kabari ban manta shi ba, ba waɗannan zan ɗauko ba. Wani inji zan ɗauko, injin da ban taɓa sa shi a idona ba, kuma har yau da nake wannan rubutu bai iso ƙasarmu ba. Duk da haka sai da aka yi zama a kansa a zauren maigari, kuma sai da ya raba ni da wani abu da ban sake samu ba.

Sai na fara da halin da mutanenmu ke ciki a lokacin, in ba haka ba za ku ɗauke mu wawaye. Ranar da aka fara zuwa aka ce mana za a tsayar da gulbi a tara ruwansa wuri ɗaya, dariya muka yi. Tsofaffi suka ce gulbin da ke tafiya da raƙumi da kayansa in ya cika, shi wani zai ce wa tsaya? Muna cikin dariyar manyan motoci suka iso, suka kankare tsauni muna kallo, gulbi kuma ya tsaya. Daga nan mutanenmu suka ɗauki darasi, sai dai sun ɗauke shi fiye da kima: suka daina ƙaryata duk abin da aka ce daga bakin Bature ya fito. Da za ka ce musu gobe za a naɗe titin Gusau a kai shi wanki, abin da za su tambaya kawai shi ne ta ina za a riƙa bi kafin a dawo da shi.

Da ruwa ya ci garinmu aka kwaso mu aka zube a wani sabon matsuguni a gefen Maradun, kan tudu mai tsakuwa. Wanda ya zana garin a takarda mutum ne mai son tsari. Ya jera gidaje reras a layi biyu suna kallon juna, ya ratsa hanya ɗaya tal a tsakiya, ita ce kuma ke fita zuwa titi. A tsohon gari akwai lunguna, in kana sauri ka san ta bayan gidan wa za ka zille. A nan babu lungu. Ga shi dattawan da a da gari ba ya waye musu sai a fadama yanzu ba su da fadamar zuwa, saboda haka da rana ta ɗan leƙo kowa zai jawo buzunsa ƙofar zaure ya zauna yana kallon hanya. Daga gidana zuwa bakin titi zaure bakwai ne masu dattijo a ƙofa. A wajenmu kuwa ba a gaida babba daga kan keke. Sai ka sauka, ka jingine shi, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka bi gaisuwa daki-daki har sai shi ya sallame ka.

Zaure na bakwai, na ƙarshe kafin titi, na Baffa ne, yayan mahaifina. Shi ya riƙe ni tun ina shekara huɗu da mahaifina ya rasu, shi ya sa ni makaranta, shi ya yi mini aure. A tsohon gari yana da fadamar da ake kwatance da ita, albasa da rake da dankali, duk tana ƙarƙashin ruwa yanzu. Idonsa ma ya soma tafiya, da murya yake gane mutane, ni kuwa tun daga nesa yake gane ni da ƙarar sarƙar kekena. Gaisuwarsa ta fi ta sauran shidan in an haɗa. Zai tambayi kwanana da gajiyata da iyalina, ya bi surukaina na Damri ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Ina Baturenka? Shina lahiya? Ya samu labarin gida?" In na amsa sai ya gyara zama ya ce, "To, ina sandarka?" Kullum sai ya tambayi sandar nan, kullum kuma sai ya yi dariya kamar ranar ya fara.

Sandar ita ce aikina. A lokacin ana fitar da magudanan ruwa daga madatsa zuwa gonakin Talata Mafara da Bakura, ni kuma ina bin wani Bature safiyo, mai awon ƙasa. Nakan riƙe masa wata doguwar sanda mai zanen ja da fari in tsaya inda ya nuna, shi kuma ya leƙa ta cikin na'urarsa mai ƙafa uku yana ɗaga mini hannu. Aikin ba ya neman wani ilimi, amma ni da takardar firamare a aljihu ji nake ba don ni ba ruwan nan ba zai gane hanya ba. Tifar da ke kwasar ma'aikata tana tashi daga mararraba ƙarfe bakwai daidai, direbanta kuma ba shi da baffa a kan hanya. Sau uku ina isowa ina hango bayanta. A na ukun helma, wato shugaban leburori, ya ja ni gefe ya ce in aka yi na huɗu to in nemi wata sandar, don masu son wannan suna da yawa. Ina da amarya da ciki, gona kuma babu. Maganar ta shige ni ƙwarai.

Kwana biyu bayan haka, muna hutun rana a inuwar mota, Baturen ya tambaye ni abin da ke makarar da ni. Da guntun Turancina da guntun nasa na bayyana masa zaure bakwai, har da kwaikwayon durƙuso. Ya yi dariya sai da ya cire hularsa. Sai ya buɗe motar ya ɗauko wata mujalla da ta sha hannu, ya nuna mini wani shafi. Hoton mutum ne a sama, ƙafafunsa na reto a kan rufin gidaje. Ya goya wasu tuluna biyu na ƙarfe kamar injin feshin malaman gona, bututu biyu sun leƙo ta bayan kafaɗunsa suna huro hayaƙi ƙasa, hannayensa na riƙe da ƙahoni irin na keke. Baturen ya ce nan da shekara goma ba mai zuwa aiki da mota ko keke. Kowa zai goya nasa a ƙofar gida, ya murɗa, ya sauka a ƙofar ofis. Ya yage shafin ya ba ni, ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri da dattawana kafin nan. Shi wasa yake yi, ko rabi wasa. Ni kuwa na ninke takardar na sa a aljihun gaba kamar laya.

Ranar Juma'a da la'asar na fito da ita a rumfar tela, inda samari da ƙananan magidanta ke taruwa. Hoto ya bi hannu hannu. Aka yi ta jefo mini tambayoyi, me yake sha, fetur ko kananzir, zai iya ɗaukar mutum da buhun gero, ina amsawa ɗaya bayan ɗaya kamar a gabana aka ƙera shi. Da wani ya tambayi yaushe za a kawo, sai bakina ya kufce. Na ce, "Bature ya riga ya sa sunana. In sunka iso, nawa na cikin na hwarko." Ba wanda ya matsa mini in yi wannan ƙarya, kallon da ake mini ne ya yi daɗi. Da na ga an yi shiru ana saurarona sai na ƙara da abin da ya fi ƙaryar muni, domin shi gaskiya ne. Na ce, "Ran da yaz zo na huta. Zaure bakwai ɗin ga ba wanda za ni sabka ma, har na ƙarshen. Sai dai su ɗaga kai su ga tahin ƙahwata." Rumfa ta kwashe da dariya. A can gefe wanzamin gari yana wa wani aski, bai yi dariya ba, bai kuma ɗago ba. Na manta cewa shi kaɗai ne namijin da ke shiga kowane zaure a garin, kuma askarsa ba ta yi sai bakinsa na yi.

Kafin ranar Talata labari ya riga ni kasuwar Mafara. An aike ni sayen igiya, sai ga wani mai albasa daga Bakura yana tambayata daga ina. Da na faɗa masa sai ya ce, "Ashe garinku na wani yaro yas sawo injin tashi? An ce shekaranjiya ya gwada shi, ya ƙone ma wata tsohuwa rumbu." Na ce masa na rumbun dai ban ji ba. Da na dawo gida na iske maƙwabcina na dama ya hau aikin rufe makewayinsa da zana da kara, wurin da tun kakanni ba a rufewa, yana yi yana hararar sama. Matata kuwa ta ajiye mini tuwo ta zauna tana dubana, ta ce, "Malam, ran da za ka tashi ka hwaɗa min tun da wuri in kwashe shanya. Zanen ga guda na, kar ka ƙona min shi." Har yau ban tabbatar ba ko ta yarda ne ko tsiya take mini. Na fi zaton tsiya, don ta san ko tsani ba na son hawa.

Ranar Alhamis da na dawo aiki na iske saƙon maigari, wai in zo da hoton. Zaure cike. Dattawan nan bakwai duk suna nan, ga liman, ga sarkin magina, ga wanzami a bakin ƙofa yana kallon ƙasa kamar ba shi ba. Abin da ya fara ɗaure mini kai, an shimfiɗa mini tabarma ni kaɗai, ni da ban taɓa wuce bakin ƙofar zauren nan ba. Maigari ya karɓi hoton, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya miƙa wa liman, sannan ya ba sarkin magina dama.

Al'adarmu ce duk namijin da zai hau rufi ko katanga ko itacen da ke leƙa gidan mutane sai ya ɗaga murya ya ce za a hau bisa, ya dakata, matan da ke tsakar gida su rufa ko su shige ɗaki. A kan wannan sarkin magina ya tsaya. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ni katanga nika hawa, kamu shida, amma ban taɓa ɗora ƙahwa bisa tsani ba sai na yi shela sau ukku. Wanga yaro bisan gari duka za shi bi. Wa za shi yi ma shela?"

Maigari ya dube ni. "Injin ga, shina da ƙara?"

"Ƙwarai, ranka shi daɗe. Ya hi tifa." Da alfahari na faɗa, ban lura da ramin da nake haƙa wa kaina ba.

"To ko ya yi shelar ba mai ji," in ji sarkin magina.

Wani dattijo ya kawo shawarar a riƙa ɗaure mini ido da rawani kafin in tashi. Wani ya ce wanda aka ɗaure wa ido ai tsakar gidan mutane zai faɗo, gara mai hange daga nesa da baƙon da za a tsinta a kan murhu. Aka koma kan liman. Ya ce ya kwana biyu yana buɗe littattafai, ya iske hukuncin matafiyi bisa raƙumi da na matafiyi cikin jirgin ruwa, amma bai iske na wanda ya goya abin hawansa ba. Abin da ya sani dai shi ne ba a ƙetare babba, ba a ƙetare kabari, kuma bai ga yadda nisa zai halatta abin da kusa ya hana ba. Aka yi ta kai da kawowa har rana ta yi ja. A ƙarshe maigari ya yanke: in injin ya iso, daga bayan gari zan tashi, in bi saman magudanar ruwa kar in kauce, idona gaba, mai shela zai zaga gari tun jajibiri, ranar Juma'a kuwa babu tashi. Na sunkuyar da kai na ce na ji na karɓa.

A lokacin dariya nake dannewa, ganin manyan mutane suna shata wa iska iyaka. Yanzu da na kai shekarunsu na gane su. An taɓa zuwa musu da abin da suka raina, ya cinye musu gari suna dariya, saboda haka wannan karon suka ƙudura sai sun riga abin shiri. Kalma biyu ce tsakanina da watsewar taron nan, in ce babu injin. Amma tabarmar ta yi mini daɗi, na kasa tashi daga kanta.

Sai da aka fara neman takalma Baffa ya juyo da fuskarsa wajen da ya ji muryata. Ya ce, "Ɗana, wai gaisuwar ga ita ka sa kana makara wurin aiki?"

Na ce, "Wani lokaci, Baffa."

"Har an ce za a kore ka?"

"An hwaɗi haka."

Ya ce, "To." Ya laluɓi sandarsa ya fita. Ni har daɗi na ji da bai yi faɗa ba. Ban san wanzami bai rage komai ba, har tafin ƙafar sai da ya kai masa.

Washegari na fito da kekena na shirya sauka a zauren farko, sai na ga babu kowa. Babu buzu, babu buta. Na biyu ma haka, na uku haka. Hanyar nan ɗaya tal ta miƙe fes har titi, ba kowa sai kaji. A ƙofar Baffa ma wayam, sai ɗan itacen dogon yaron da ya dasa wanda bai fara inuwa ba. Na ce ko an yi rasuwa ne ban ji ba, amma ban ji kuka ba, sai na taka keke. Na isa mararraba direban tifa bai gama shan shayinsa ba. Helma ya dubi agogo ya dube ni ya ce, "Ashe kana iyawa." Jibi ma haka, gata ma haka. Na shiga fita daga gida a tsanake, ina fito, in ratsa layin nan ban taɓa birki ba. Ga ni ina tashi ba tare da inji ba, ko kananzir ban saya ba. Ba zan ɓoye muku ba, makon farko daɗi na ji.

A mako na biyu abin ya fara ci mini rai. Ba wanda ya yi fushi da ni, da sun yi da ya fi mini sauƙi. In mun haɗu a masallaci sukan miƙo mini hannu da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙon da zai wuce. Labarin gari da nakan tsinta a durƙushe, wane ba lafiya, 'yar wane ta sauka, duk sai dai in ji a bakin matata bayan ya kwana. Da yamma in na dawo Baffa ya riga ya shige cikin gida, ni kuma wata kunya da ban san sunanta ba takan hana ni bin sa, kullum sai in ce gobe.

Ranar da abin ya faru, na wuce ƙofar Baffa ke nan na sha kwanar zaurensa, sai sarƙar keke ta zame. Na sauka na tsuguna a gindin katangar ina mayar da ita, inda ba mai ganina daga ƙofa. Sai na ji muryarsa daga cikin zaure, dab da bango, ashe nan yake zaune.

"Ya wuce?"

Inna, matarsa da ta yi mini wanka ina yaro, ta ce, "Ya wuce, Malam. Ban jin keken."

Na ji ana jan buzu a ƙasa. Ya fito, hannu ɗaya na dafe da bango, ya shimfiɗa shi a inda ya saba, ya zauna ya fuskanci titi. Ya ɗaga hannu ya ce, "Allah shi kai ka lahiya, shi maido ka lahiya. Allah shi sa ka iske motar." Ya shafa. Sannan can ƙasa-ƙasa, shi kaɗai, ya ce, "To, ina sandarka?" Wannan karon bai yi dariya ba.

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiya ba, kuma ban sake ba. Daga mararraba ina jin tifa tana ƙaho, na san na huɗu ke nan in na tsaya. Na saki keken ya faɗi, na tuɓe takalmi, na zagayo na durƙusa gabansa, hannuwana baƙi ƙirin da man sarƙa. Na ce, "Baffa, ina kwana."

Ya zabura. "Ba ka tahi ba? Tashi, mota za ta bar ka."

"Baffa, babu injin. Bature bai rubuta sunana ba. Hoto na kawai, ƙarya niy yi."

"Na sani," in ji shi. "Tun ran da wanzami yak kawo labari na sani. Wa za shi ba mai riƙon sanda jirgi, shi Baturen shina yawo cikin mota?"

"To mi yas sa ba ka hwaɗi ba zauren maigari?"

"In tona ka gaban mutane?" Ya girgiza kai. "Kuma ni injin bai dame ni ba. Injin ƙarya na, amma makarar gaskiya ta. Gajiyar da kay yi da mu ita ma gaskiya ta." Na buɗe baki zan musa, ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Da ina da hwadamata da na ce ka bar musu sandarsu ka zo mu yi noma. Ba ni da ita. Na duba abin da yar rage min da zan iya ba ka, ban ga komi ba sai hanyar ga. Shi na na bi sauran zaure zaure, na roƙe su su riƙa dakatawa ciki sai ka wuce."

Ashe ba hukunci aka yi mini ba, kyauta ce. Tsoho mai rabin ido ya bi layin nan da sanda tun daga farko har ƙarshe yana roƙon sa'o'insa su ɓoye, don ɗan da ya yi alkawarin nuna masa tafin ƙafa ya samu mota. Na kifa kaina a gwiwarsa na yi kuka, ni magidanci, a bakin hanya. Shi kuwa abin da yake ta maimaitawa kawai shi ne in tashi, mota za ta bar ni.

Ta kuwa bar ni. Na bi ta da keke har wurin aiki, na isa da hantsi, na iske helma ya miƙa wa wani sandar. Bai kore ni ba, ya ce don matata na da ciki, amma ya ba ni shebur ya nuna mini cikin rami. Baturen ya hango ni daga nesa ya ɗaga mini hannu da fara'a, bai san shafin mujallarsa ya yi tafiya haka ba.

A ramin nan ne, ina kwasar laka, wata dabara ta faɗo mini wadda ba ta bukatar Turai: in riƙa fita da rabin awa kafin lokacin da na saba. Shi ke nan. Mako da makonni ina mafarkin tuluna biyu da bututu, ban taɓa tunanin rage barcin bayan asuba ba. Na bi zauren dattawan nan ɗaya bayan ɗaya na faɗi gaskiya na ba da haƙuri. Shida suka dawo ƙofa da buzayensu da doguwar gaisuwarsu, da ƙarin sabon suna da suka laƙaba mini, mai jirgi, wanda har yau tsararrakina da shi suke kirana. Maƙwabcina dai bai kware rufin makewayinsa ba, ya ce tun da Bature ya ce shekara goma, gara ya bar shi.

Baffa ma ya dawo ƙofa. Amma labarin shebur ya kai masa, kuma ya ɗora wa kansa laifin, ya ce shi ya tsayar da ni ranar. Daga nan in na durƙusa na ce ina kwana, sai ya ce, "Lahiya lau. Tahi, kar ka makara." In ce masa Baffa da sauran lokaci, rana ma ba ta fito ba. Ya ce, "Tahi dai." Na gwada duk dabarar da na sani. Nakan kawo masa labarin surukaina na Damri ba tare da ya tambaya ba, nakan ce Baturen na gaishe shi, nakan ƙi tashi. Zai saurara da haƙuri, kunnensa na wajen titi, ya ce in tafi. Sandar kuwa bai sake ambatarta ba, don babu ita. Damina biyu aka yi a haka ya rasu. Ba a jima ba aikin magudanan ma ya ƙare, aka sallame mu duka, masu sanda da masu shebur, wanda ya makara da wanda bai taɓa makara ba.

Shekara goman Bature ta zagayo sau huɗu da ɗoriya. Yanzu ni ne a ƙofar zauren nan na bakwai, ƙarƙashin dogon yaron da Baffa ya dasa bai sha inuwarsa ba. Ba wanda ya tashi sama, amma ba a kuma sauka: babura ne ke wucewa, mai kirki a cikinsu ya danna mini ƙaho. Kwanakin baya ɗana, wanda shi ma ya fara furfura, ya nuna mini a wayarsa wani mutum goye da irin injin nan yana shawagi a kan ruwa, ya ce an ce nan da shekara goma kowa da shi zai riƙa zuwa aiki. Na ce masa in an fara rubuta suna kar ya sa nawa, na riga na hau, na san inda yake sauke mutum.

Abin da na koya shi ne, wanda ke tsayar da kai a hanya yana tambayar kwananka ba ya cikin masu makarar da kai, ko da mota ta bar ka. Ka nemi lokacin a wani wuri, akwai shi. Domin in ka bari ya ji cewa ya tare maka hanya, ba zai yi faɗa ba. Matsawa zai yi, saboda yana son ka, kuma ko ka dawo ka durƙusa ba lallai ka same shi yadda ka bar shi ba.